Waya Mai Kai Uku

Talabijin ɗinmu na farko mai doro ne, ya fi shekara goma a kan tebur a ɗakina kafin ya mutu. Ba faɗuwa ya yi ba, ba kuma wuta ce ta ƙona shi ba. Tsufa ne kawai. Hoton ya dinga tsukewa ta sama da ta ƙasa har ya koma kamar zare guda a tsakiyar gilashin, wata rana bayan la'asar zaren ma ya ɗauke. Aka ɗaura shi a bayan babur aka kai wa mai gyara a Zakirai. Ya kwance bayansa, ya leƙa, ya ce ko a birni an daina kawo kayan irinsa.

Ni ba rashin fim ne ya dame ni ba. Faifai guda gare ni, na bikin babbar 'yata. Mai ɗaukar bidiyon ya yini yana bin amarya da ƙawayenta, sai Allah ya karkato da shi wajen murhu. Inna, mahaifiyata, tana zaune a kan 'yar kujera tana juya waina a tanda. Ta ɗago ta ce masa ya matsa, hayaƙi zai ɓata masa na'ura. Sannan ta waiwaya ta kira ni da sunan da ta laƙaba mini tun ina rarrafe, har sau biyu, ta ce in zo in zare itace guda, wutar ta yi yawa. Shi ke nan. Ko minti biyu bai cika ba. Da damina ta zagayo Inna ta rasu, daga nan kuma babu wanda ya sake kirana da wannan suna. Idan ƙirjina ya yi nauyi sai in turo ƙofa, in sa faifan, in wuce amarya da 'yan rawa, in tsaya a wajen murhu.

Tsakanin talabijin da na'urar da ke karanta faifan, wadda muke ce wa dibidi, akwai waya mai kai uku: ɗaya ruwan ɗorawa, ɗaya fari, ɗaya ja. Ba wanda ya zaunar da ni ya koya mini ita. Da gwaji na gane ruwan ɗorawar shi ke ɗauke da hoto, farin da jan su ke ɗauke da murya. In ka sauya musu gurbi sai ka ji gurnani kamar injin markaɗe. Kafin ita mun yi zamani da wata mai tsinke ɗaya, lokacin bidiyo mai kaset, wadda sai an yi ta murɗa tasha ana neman hoto kamar mai laluben ashana a duhu. Da mai kai uku ta zo na ɗauka an kai ƙarshen dabara. Ko ban leƙa ba da yatsa nake gane farin, don ɓera ya taɓa gwaguyarsa na naɗe wurin da salatif.

Da babbar Sallah ɗana na fari ya zo daga Kano, inda yake da shagon ɗinki, da wani faffaɗan kwali a bayan mota. Ba na kiran sunansa, kamar yadda Inna ba ta taɓa kiran na yayana ba. "Kai" nake ce masa, ya kuma san da shi nake. Filasma ce ya sayo mini, siririya kamar faranti. Ya huda bango ya rataye ta, ya haɗa ta da batirin sola, ya jona mata risiba. Maƙwabta suka yi ta shigowa suna sa albarka. Ni ma na sa, har zuciyata. Da aka watse na ɗauko wayata mai kai uku, na zura hannu bayan filasmar ina laluben ramuka uku. Babu su. Sai wani siririn baki kamar na asusu, da haruffa huɗu a ƙarƙashinsa.

Na sa ya haska mini tocila na karanta. A ajin yaƙi da jahilci ba a koya mana sunayen haruffa da Turanci ba, da sautinsu muka san su: ha, da, ma. Na haɗa H da D da M da I, na ce, "Hadami?" Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya faɗi yadda ake kiranta, ya ce yanzu waya ɗaya ce take ɗaukar hoto da murya gaba ɗaya, hoton kuma tar, kamar ka miƙa hannu ka taɓa mutum. Na ce ashe ban yi nisa ba, haɗama ce: ita kaɗai ta cinye aikin mutum uku, ta kuma hana su wurin zama.

Sai ya ce dibidi ya zama kayan 'yan gwangwan. In ba shi faifan ya kai wa wani abokinsa a birni a juye shi a memori, in ya so in dinga kallo har a wayar hannu. Na ce a'a. Ya sake faɗa a hankali, kamar ban ji ba. Na sake cewa a'a. Ban ɗaga murya ba, don ban iya ba.

Ya san dalili. Mahaifina ya taɓa yin shekara biyu yana aiki a Makka, ya aiko mana da kaset yana gaishe mu ɗaya bayan ɗaya, har awakinsa ya tambaya. Kaset ɗin ya daɗe a ƙasan akwatina lafiya lau, har bayan rasuwarsa. Ƙanwar wannan ɗan nawa ta karɓa da irin wannan magana, wai a juye a waya. Aka kuwa juye. Wanda ya yi aikin ya zubar da kaset ɗin, a ganinsa amfaninsa ya ƙare, ba a kuma jima ba aka zare wayar daga jakarta a tasha. A lokacin ban yi wa kowa faɗa ba. Amma wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu.

"Umma, faifai fa karcewa yake yi," ya ce. "Wata rana zai ƙi."

"Ya ƙi a ɗakina."

Da ya ga ba zan motsa ba sai ya saki baki ya ce akwai wani ɗan akwati da ke shiga tsakani, ya karɓa daga tsohuwar waya ya miƙa wa sabuwa, amma wahalar banza ce, hoton ba zai yi kyau ba. Na ce ya kawo mini haka nan. Ya ce to. Bayan nan ya zo sau uku, da lemo, da atamfa, da maganin ciwon gwiwa, ban da akwatin. Kullum wai mantuwa. Na gane ba mantuwa ba ce, jira yake in gaji in miƙa faifan. Ya manta wadda yake jira da ita. Matar da ta jira gero ya nuna shekara arba'in ba a gwada mata jira.

Maigida ma bai goyi bayana ba. Cewa ya yi in bar wa yara harkar wuta, kowane zamani da kayansa. Ban musa masa ba, ban kuma ce to ba.

Ana cikin cirar gyaɗa ranar awon jinina a asibitin Gezawa ta zo. Ana gobe zan tafi na yago takarda daga tsohon littafina na aji. Na juya dibidi na kwafi abin da ke rubuce a saman ramukan nan uku: AV. Na ja ɗan layi, na rubuta na filasma a gabansa: HDMI. Na ninke takardar na ƙulle a haɓar zani.

Da na fito daga asibiti, maimakon in nufi tasha sai na bi bakin titi har wani shago da ake sayar da caja da fitilun sola da risiba. Mai shagon magidanci ne mai ƙaton agogo, waya maƙale a kunnensa. Na yi sallama na miƙa masa takardar. Ya kalle ta da wutsiyar ido, ya kai hannu baya ya zubo fararen akwatina biyu a kan kanta, kowanne bai wuce tafin hannu ba. Iri ɗaya sak: ramuka uku a gefe guda, bakin asusu a ɗaya gefen. Ya janye wayar daga kunne.

"Wanne aka aiko ki, Iya? Ko a kira yaron ya yi bayani?"

Maganar ta soke ni. Ba wanda ya aiko ni. Shekara biyu na yi ina zama a kan bencin 'yan firamare da goyo a baya, bayan an tashi yara, don kada a sake ce mini a kira yaro. Na ce zan duba da kaina. Na ɗauki na farko. Ga AV a hannun dama, ga lambar 2 a tsakiya, ga HDMI a hagu. Na ce a raina, daga wannan zuwa wancan, shi ne. Ko ɗaga na biyun ban yi ba. Na biya, ya haɗa mini da wayar haɗama da wata 'yar ƙarama mai ba akwatin wuta, ya koma kan hirarsa.

Kafin la'asar na iso gida. Ko hijabi ban cire ba na jona komai a gurbinsa, na sa faifan. Filasma ta yi shuɗi, wani ɗan rubutu yana yawo daga kusurwa zuwa kusurwa. Na zare na mayar. Na hura ramukan. Na goge faifan da gefen zani, daga tsakiya zuwa baki. Kwana huɗu ina yi, tsakanin tuƙa tuwo da juya shanyar gyaɗa. Abin da ya fi tsorata ni shi ne kada a ce faifan ne ya mutu a watannin da ya yi a ajiye, ga shi ba ni da inda zan gwada. Duk gidajen da na sani masu tsohon talabijin sun daɗe da rabuwa da shi.

Ranar Juma'a ɗan nawa ya zo. Ya ɗauki akwatin ya juya, ya ciji leɓe don kada dariya ta kufce masa. Ya ce iri biyu ne, ɗaya daga tsohuwa zuwa sabuwa, ɗaya daga sabuwa zuwa tsohuwa, kamar motar da ke zuwa Kano da wadda ke dawowa: jiki ɗaya, hanya daban. Lamba biyun nan kuma, in aka faɗe ta da Turanci, tana nufin "zuwa". Nawa cewa yake HDMI zuwa AV. Ya ɗora yatsa a hagu ya ja shi zuwa dama.

Nan take na ga abin da na yi. Tun ina ƙarama idona da allo ya saba, daga dama yake farawa. A yaƙi da jahilci malamarmu har zare ta ɗaura mini a wuyan hannun hagu don in dinga tuna inda boko yake farawa. Hannuna ya koya, in ina rubutu ba na ɓata. Amma ido, in aka tsorata shi ko aka raina shi, gidansu yake komawa.

Ya ce ba komai, ai yanzu na gani da kaina, abin ba na tsofaffi ba ne. Ya miƙo hannu da ladabi, yana jiran faifan. Na ce masa kununsa yana hucewa.

Ranar Litinin da safe na sami maigida a zaure yana ɗinke buhuna. Na ce zan koma Gezawa, ba asibiti ba, shago. Ya ce duk a kan wannan ɗan abin? Na ce a kan Inna. Ya daɗe yana kallona, allura a hannu, sannan ya ce in bi da gwiwar a hankali. Na naɗe dibidi da wayoyin da akwatin a tsohon zani, na sa faifan a ƙirjina cikin hijabi. Na kuma ɗauki ƙwaryar gyaɗa da ba a ɓare ba, don na san zaman zai yi tsawo, ni kuma ba na son hannuna ya zauna banza.

Mai shagon ya gane ni. Ya ce kaya in an yaga leda ba ya komawa, ga shi ma a rubuce a bango, tunda na ce na iya karatu in karanta. Na karanta masa a fili, daga hagu, ban ci harafi ko ɗaya ba. Sannan na ce kuskuren nawa ne, ban zo in ɗora masa ba. Amma takardar da na ba shi daidai take, ya kuma gan ta, ya ga na ɗauki na baibai ya yi shiru. Ya ce shi ba malamin makaranta ba ne. Na ce haka ne. Na nemi izinin zama a bencin ƙofar shagon, ya ce benci na kowa ne.

Na zauna na fara ɓarar gyaɗa. Ɓawon ina tara shi a cinyata don kada in ɓata masa wuri. Duk wanda ya zo sayayya sai ya gaishe ni ya tambaya ko lafiya, ni kuwa ba na ƙarya. Sai in ce lafiya lau, akwati na saya mai tafiya da baya, ina jira ya juyo. Wani mai babur ya leƙa ciki ya ce, "Alhaji, ashe har ribas kake sayarwa?" Aka yi dariya, ban da mai shagon. Wani dattijo da ya zo sayen batir ya tsaya ya ji labarin duka, ya tsallaka shagon gaba. Aka kira azahar, na bar ƙwaryar a kan bencin na shiga gidan da ke kusa na roƙi ruwa na yi sallah, na dawo na ci gaba. Rana ta juyo ta same ni, na matsa ƙarshen bencin inda inuwa ta rage.

Gyaɗar ta kusa ƙarewa mai shagon ya fito ya tsaya a kaina.

"Iya, don girman Allah, me ke cikin faifan nan? In fim ne ki kawo memori in cika miki shi kyauta."

"Uwata ce."

Ya shafa ƙeya. Ya koma ciki ya dawo da ɗaya akwatin, ya yaga ledar da haƙorinsa ya miƙo mini. Na ɗora yatsa a hagu na karanta: AV, biyu, HDMI. Na ba shi nasa. Na ce amma ba zan tafi ba sai an gwada, ba zan sake hawa mota a kan zato ba.

Akwai filasma rataye a cikin shagon tana fuskantar titi. Ya kawo hannu zai karɓi wayar mai kai uku, na ce ya bari. Na durƙusa na kwance dibidi, na sa ruwan ɗorawa, na sa fari, na sa ja. Sai da zan danna na tuna bikin cikin gida ne, mata ba mayafi, wasu ma da ɗaurin ƙirji suke a bakin tukwane. A shagon kuwa maza huɗu. Na ce su yi haƙuri su juya baya. Suka dubi juna. Mai shagon ne ya fara juyawa, ya fuskanci titi, ya buɗe hannayen rigarsa ya tare ƙofa. Sauran suka bi shi.

Shuɗin ya ɗauke, gilashin ya yi baƙi. Sai ga amarya. Na danna na wuce, na sake wucewa, har hayaƙin murhu ya bayyana. Ban san filasmar a haɗe take da manyan lasifikan shagon ba. Muryar Inna ta fito har bakin titi, ta kira ni, ta sake kira, ta ce wutar ta yi yawa. Ban san lokacin da na amsa ba. "Na'am," na ce, da ƙarfin da ban taɓa jin muryata ta kai ba.

"Ya kawo, Iya?" in ji mai shagon, bai waiwayo ba.

"Ya kawo."

"Allah ya jiƙanta."

Sauran suka ce amin, fuskarsu tana titi. Na kashe, na tattara kayana. Na juye gyaɗar da na ɓare a leda na miƙa masa. Ya ce a'a, na ajiye a kan kanta na fita.

Da ɗan nawa ya sake zuwa ya tarar da ɗan akwatin yana lilo a ƙarƙashin filasma, kawuna uku a soke a cikinsa. Ya ce na ɓata kwalliyar bangon. Ya tambayi wanda ya haɗa mini, na ce wadda abin ba nata ba ne. Ya sunkuyar da kai yana murmushi. Ya sake ɗauko maganar memori, amma wannan karon da wata murya. Na ce in na'urar abokin nasa tana da ƙafa ta zo nan ta juye ina kallo, in ba ta da ita shi ya ɗauko ta. Faifan dai ba ya ƙetare zaure sai a ƙirjina. Ya ce ya ji.

Na sa masa faifan. Ya zauna a bakin gado, bai ga kakarsa ba tun ranar da aka kai ta makwancinta. Ya kalla har ƙarshe, ya ce in mayar. A karo na biyu ne ya lura da abin da ni na riga na gani. Tsohon hoton a tsuke yake, filasma kuwa faffaɗa ce, sai ta ja shi ta gefe da gefe don ya cika ta. Tanda ta miƙe, kujera ta baje. Inna ta yi kumatu, damatsanta sun cika, wuyanta har da ninki. Ita da ta rayu kamar sillen kara, wadda in an yanka kaza wuya da ƙafafu take ɗauka ta ce su ta fi so.

Ya ɗauki rimot, ya ce bari ya gyara, danna biyu ne ta koma yadda take. Na riƙe hannunsa, abin da rabona da yi tun yana ƙarami. Na zare rimot ɗin na tura ƙarƙashin matashi.

"Bar ta," na ce. "Ba ta taɓa yin ƙiba a duniya ba. A ɗakina sai ta yi."